Babi na Huɗu: Mota Ta Ce Ƙat Ta Yi Shiru

Motar da ta ƙi tashi iri-iri ce, kuma kowace da kukanta. Akwai wadda injinta zai yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Wannan maganar mai ce ko wutar fulogi, kuma mun gama da ita a babin da ya gabata. Akwai wadda ko fitilar gaban direba ba ta kawowa, shiru kake ji. Ta uku ita ce tamu a nan: ka murɗa makulli, ka ji ƙat sau ɗaya, ko ƙat-ƙat-ƙat a jere, injin kuwa ko gezau.

A cikin ukun nan ita ce ta fi cin kuɗin mutane a banza, domin duk wanda ya tsaya kusa da motar yana da fatawar da zai bayar. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce kika ce. Mai mota ya sayi sabon batir, bayan kwana biyu ƙarar ta dawo. Ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ɗauko kika 'yar Kwatano, a kwance a ɗaura, ƙarar tana nan. Daga ƙarshe yaron shago ya gano cewa noti ɗaya ne ya saki a jikin wayar da ke haɗa injin da jikin mota. Abin yana damuna ƙwarai, domin wannan ƙat ɗin da ake ji bayani ne motar take yi, kuma wanda ya iya saurare zai rage rabin bincikensa tun kafin ya buɗe bonet.

Injin mota ba ya iya tada kansa. Sai an juya shi daga waje har fistin ya zuƙi iska da mai, ya matse su, wuta ta kama. A farkon zamanin mota da hannu ake wannan aiki, da lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaba, irin wanda har yau ake tada injin niƙa da shi, kuma tsofaffin Land Rover sun daɗe suna zuwa da shi. Ƙarfen nan ya karya hannuwa da yawa, domin injin yana iya mayar da shi baya da ƙarfi. Wani injiniya a Amurka, Charles Kettering, shi ya ƙera injin lantarki ƙarami da zai yi juyin, aka sa shi a motar Cadillac ta 1912. Jikan wannan injin shi ne abin da bakanikenmu ke kira kika.

Kika abu biyu ce a haɗe. Akwai babban gwangwanin, wanda shi ne injin lantarkin, da kuma ƙarami da ke goye a bayansa, solinoyid. In ka murɗa makulli, wuta kaɗan ce take bin siririyar waya ta shiga solinoyid, ta mayar da shi maganaɗisu, ya fizgo wani guntun ƙarfe da ke cikinsa. Fizgar nan aiki biyu take yi a lokaci guda: tana tura ƙaramin giyar kika ya shiga haƙoran fulawil, sannan tana danna wani faifan jan ƙarfe a kan ƙusoshi biyu na jan ƙarfe, wanda hakan ke buɗe wa babbar wuta hanya daga batir zuwa cikin kika. Ƙarar bugun guntun ƙarfen nan ita ce ƙat ɗin da kake ji. Saboda haka in ƙarar daga wajen injin take fitowa, kuma mai nauyi ce, ka riga ka san makullinka yana aiki, fis bai ƙone ba, siririyar waya ta kai saƙo. Abin da ya rage shi ne me ya hana babbar wuta juya injin. Amma a kula: wata ƙarar 'yar siririya ce, daga akwatin fis take fitowa, ta rile ce kawai. Ita wannan tana nufin saƙon ya tashi amma bai isa solinoyid ba, ko ya isa solinoyid ɗin ya ƙi amsawa. Sa wani ya murɗa makulli, kai kuma ka tsaya a gaba ka ji daga ina take.

Akwai maganar da kowane mai rewaya ya gaji da ji: "Oga, ba batir ba ne, ga rediyo na yi, ga fitila ta kawo." Rediyo da fitila ba shaida ba ne. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 bai kai amfiya 5 yake ja ba. Kika kuwa, a ƙaramar mota mai silinda huɗu, tana jan amfiya 100 zuwa 200, a injin dizal kuma abin ya fi haka nesa. Famfon da ke ɗigo zai cika maka butar alwala, amma ba zai cika tankin gidan wanka ba. Batirin da ya gaji, ko kan batirin da ya yi datti, zai ciyar da rediyo yini guda ba tare da gardama ba, ya durƙushe da zarar kika ta nemi nata kason.

Daga nan ne bambancin ƙarar biyu yake fitowa. Ƙat-ƙat-ƙat mai sauri kusan kullum ƙarancin wuta ne. Batirin yana da ƙarfin da zai fizgo solinoyid, to amma da faifan ya haɗu, kika ta zuƙe wutar, ƙarfin ya faɗi, maganaɗisu ya saki, faifan ya koma baya. Da ya koma, nauyi ya sauka daga kan batir, ƙarfin ya ɗan farfaɗo, solinoyid ya sake fizga. Haka za su yi ta yi sau da yawa a daƙiƙa guda. Wanda ya ji wannan ƙarar ya tafi sayen kika ya ɓata kuɗinsa. Ƙat guda ɗaya mai nauyi ita ce mai wuyar fassara, domin tana iya zama batir da ya yi rauni, ko waya, ko kikar kanta, ko kuma, Allah ya kiyaye, injin da ya kafe.

Gwajin farko ba ya bukatar ko sifana. Kunna fitilun gaba, ko fitilar rufin mota in da rana ne, ka sa ido a kansu yayin da ake murɗa makulli. In suka dushe ƙwarai ko suka ɗauke, wutar ba ta isa ba: ko batir, ko mahaɗarsa, ko kuma wani abu yana jan wuta fiye da kima. In kuwa suka tsaya tar, ko ƙiftawa ba su yi ba, alhali ka ji ƙat, to babbar wuta ba ta ma shiga kika ba, zargi ya koma kan solinoyid, burushin kika, ko babbar wayar da ke tsakani. Wasu sababbin motoci suna kashe fitilun gaba da kansu lokacin tashi, don haka a irinsu fitilar rufi ta fi gaskiya.

Sai ka buɗe bonet ka kama kan batir da hannu, ka gwada murɗa shi. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. In ya juya, wataƙila ka gama bincike ke nan. A nan ina so in tsaya, domin kan batir shi ne wurin da aka fi yi wa mota rashin adalci a garuruwanmu. Za ka ga an buga ƙusa tsakanin kan da maƙallinsa, ko an cusa guntun gwangwani, ko an ɗauki dutse an bubbuga shi ya zauna. Duk waɗannan suna tada mota yau, su rage faɗin wurin da wuta za ta bi, gobe ƙarar ta dawo. Bugu kuma yana tsaga robar da ke zagaye da kan batir, tururin asid ya riƙa fitowa ta nan, ya haifar da farin garin nan ko kore da ke cin ƙarfe. Maƙalli sabo bai kai kuɗin kwanon abinci biyu ba. Garin kuwa ruwan zafi yana wanke shi, in an jiƙa 'yar kanwa a ciki ya fi, tunda kanwa tana kashe kaifin asid. Sai dai kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin. A cire maƙallin, a fara da na baƙar waya, a kankare ciki da waje har dalmar ta yi haske, a mayar a ɗaure, sannan a shafa ɗan giris a sama. Wanda ya kankare waje kawai ya bar ciki bai yi komai ba, domin ta ciki wuta take bi.

Baƙar wayar ita ce marainiya. Kowa yana duban ja, amma duk wutar da ta fita ta ja sai ta dawo ta baƙa, ta bi jikin injin, ta bi wata waya mai kauri ko saƙaƙƙiya zuwa jikin mota da batir. In an taɓa sauke injin ko giyabos, sau da yawa ana mayar da ita a kan fenti ko tsatsa, ko a manta a ɗaure. Akwai hanya mai sauƙi ta kama ta: ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala baki ɗaya a kan batir na baƙa, ɗayan a wani ƙarfe mai tsabta a jikin injin. In motar ta tashi, ka san mai laifi. Haka kuma, bayan an murɗa makulli na 'yan daƙiƙu, taɓa mahaɗun wayoyin a hankali. Wurin da ya ɗau zafi, nan wuta take shan wahalar wucewa.

Wanda ke da mota ya kamata ya mallaki mitar awon wuta. Batirin mota ɗakuna shida ne a ciki, kowane yana ba da kimanin bolt 2.1, don haka cikakken batir da ya huta zai nuna 12.6. In ya nuna 12.2 ya kai rabi, in ya sauka zuwa 12.0 saura kaɗan. In ka ga wajen 10.5, akwai alamar ɗaki guda ya mutu, kuma caji ba zai tashe shi ba. Sai dai awon batir yana hutawa rabin labari ne. Bar mitar a jiki a murɗa makulli. Batir mai lafiya ba ya sauka ƙasa da 9.6 zuwa 10 lokacin da kika ke aiki. Wanda ya nuna 12.5 yana zaune, ya faɗo 6 da an murɗa, ya gama yayi.

In batirin ya tsaya da ƙafarsa, sai a auna abin da ke zubewa a hanya. Ɗora baki ɗaya na mitar a kan dalmar batir ta ja, ɗayan a babban notin da ke bayan solinoyid, a murɗa makulli. Abin da mitar ta nuna shi ne wutar da waya ta cinye, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A maimaita tsakanin dalmar baƙa da jikin kika. Lissafin a fili yake: dattin da turjiyarsa ba ta wuce om 0.02 ba, wanda fitila ba za ta ma san da shi ba, in amfiya 150 ta bi ta kansa zai ci bolt 3 cur. Wannan ya isa ya mayar da lafiyayyar mota mai ƙat-ƙat. Shi ya sa duban ido ba ya wadatarwa. Waya tana iya ruɓewa a cikin rigarta, waje kuwa sumul.

Mutane suna ɗora wa sanyin hunturu laifin kashe batir, saboda da asubahin Disamba da Janairu ne motoci suka fi ƙin tashi, musamman a Jos. Amma zafi ne yake kisan, sanyi tona asiri kawai yake yi. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet ya fi haka ƙwarai. Ruwan batir yana ƙafewa, farantan ciki suna zagwanyewa. Batirin da ya ji jiki a bazara zai lallaɓa har damina ta wuce, sai safiyar da man inji ya yi kauri shi kuma ƙarfinsa ya ragu, ranar zai ce ƙat. Batirin da ke da murafai a riƙa duba ruwansa, kuma abin da ake ƙarawa tataccen ruwa ne, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Ruwa ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan. Gajerun tafiye-tafiye ma suna da nasu: daga gida zuwa makarantar yara a kashe, zuwa ofis a kashe, altaneta ba ta samun lokacin mayar da abin da kika ta ɗiba.

In ta tabbata batir ne, jonawa da wata mota ita ce hanya, kuma tana da tsari. Ja zuwa ja tukuna. Sannan baƙa daga batiri mai rai, ɗaya bakin kuma a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, domin batir yana fitar da iskar haidirojin wadda tartsatsi ke iya kunnawa. A bar mai ran tana aiki na 'yan mintuna kafin a gwada. Abin da na roƙi mai karatu ya hana a yi wa motarsa shi ne dabarar nan ta aron batir: a ɗaura na wani, mota ta tashi, a cire shi injin yana aiki, a mayar da mataccen. A zamanin Fijo 504 ana yi a kwana lafiya sau da yawa, domin babu abin ƙonewa sosai a cikinta. Motar yau tana da ƙwaƙwalwa, kuma batir ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi. Cire shi injin yana juyawa na iya aika wuta mai yawa cikin ƙwaƙwalwar da altanetar kanta. Haka nan gwada batir da sifana don a ga tartsatsi. Mutane sun rasa ido ta wannan hanya.

To in batir lafiya, wayoyi lafiya, fitila ba ta dushe ba, ƙat ɗaya ake ji, yanzu ne aka iso kan kika. Ko a nan ma ba lallai a sayi wata ba. Ƙusoshin jan ƙarfen nan biyu da faifan solinoyid ke dannawa suna cinyewa da tartsatsi a hankali, har faifan ya zo ya buga amma bai taɓa duka biyun da kyau ba. Alamarsa sananniya ce: ka murɗa sau uku ko huɗu ƙat, a na biyar ta tashi kamar ba abin da ya faru, kuma abin yana ƙaruwa mako bayan mako. A kikar Denso da ke cikin yawancin motocin Toyota, ana kwance murfin a canza waɗannan guntayen kaɗai, kikar ta koma aiki shekaru. Sai burushi, 'yan guntayen gawayin da ke kai wuta cikin abin da ke juyawa. In sun cinye, ɗan bugu a jikin kika yayin da wani ke riƙe da makulli yana iya sa su taɓa, motar ta tashi. Wannan bugun gwaji ne, kuma hanyar kai mota wurin gyara ce. Wanda ya mayar da shi al'adar kowace safiya wata rana zai tsaya a inda babu mai riƙe masa makulli. A yi shi da ƙotar guduma, a hankali, domin kikar zamani da yawa maganaɗisun dutse ne a cikinsu, kuma yana fashewa. Mai rewaya na ƙwarai zai kwance, ya nuna maka abin da ya cinye a tafin hannunsa. In ya ce a canza gaba ɗaya, ka tambaye shi cikin girmamawa: "Malam, me ka gani a ciki?"

Turi yana tada mota mai giyar hannu: makulli a buɗe, giya ta biyu, a taka kuloci, in ta ɗau gudu a saki. Mai otomatik ba ta tashi da turi, kada a wahalar da jama'a. Ita abin da ake gwadawa shi ne a taka birki a mayar da giya N a murɗa, domin makunnin da ke hana ta tashi a cikin giya yana gajiya a P, kodayake shi yawanci shiru yake kawowa, ko 'yar ƙarar rile.

Akwai hali guda da turi da nacin makulli duka haɗari ne. Ƙat ɗaya mai nauyi, fitilu sun dushe sosai, babbar waya ta ɗau zafi, batir kuma an tabbatar lafiyarsa ƙalau: wannan kika ce ke turawa da iya ƙarfinta, abin da take turawa ya ƙi motsi. Ko ita ce ta cije a ciki, ko injin ne. Tambayar da za a yi ita ce me ya faru kafin motar ta mutu. In fitilar man inji ta kawo, ko allurar zafi ta haura, akwai tsoron injin ya kafe. In kuwa ruwa ta shiga, ko ta kwana a cikinsa, kamar ababen hawan da ambaliyar madatsar Alau ta shanye a Maiduguri a Satumbar 2024, to wataƙila ruwa ne ya cika silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya taso ya tarar da ruwa ya tsaya cik, kuma in aka matsa masa da turi ko da batir biyu, sandar da ke riƙe da shi ce za ta lanƙwashe, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma sauke inji. A nan sai a zare makulli, a sa giya a sake, a ɗora sifana a babban notin fulin ƙasa a gwada juya injin da hannu. In ya ƙi, a cire fulogi duka a sake gwadawa. In ruwa ne zai fito ta ramukan. In har yanzu ya ƙi, a cire bel, domin altaneta ko kwamfuresar AC da ta cije tana iya riƙe injin gaba ɗaya, kuma an sha yanke wa lafiyayyen inji hukuncin kisa a kan haka.

In motar ta tashi, ta kowace hanya, kada a rufe bonet tukuna. A mayar da mitar kan batir injin yana aiki. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In 12 da ɗoriya take nunawa, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma sabon batirin da za ka saya ma kwana kaɗan zai yi ya koma ƙat-ƙat. In ta haura 15, dafa batirin take yi. In caji daidai ne amma kullum da safe batir a kwance, wani abu ne ke shan wuta da dare: rediyon da aka jona kai tsaye, na'urar bin sawun mota da aka ɗaura da gaggawa, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Yadda ake farautar wannan ɓarawon, fis bayan fis, shi ne aikin babi na biyar.